Kawuna "Barista" Ya Sa Lokacin Ɗaukaka Ƙara Ya Wuce Mu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake.

Gonar mahaifinmu marigayi ce a Karare, maƙwabcinmu ya ce jingina ya ba shi, ba saye ya yi ba, muka je kotu a Batsari, alƙali ya ba shi. A ranar na ce zan ɗaukaka ƙara, sai kawuna, yayan mahaifiyata, ya hana. Wannan bawan Allah fa masinja ya yi a wata kotu a Safana, ɗaukar fayil da shara, amma yau har Barista ake ce masa a majalisa, shi kuma yana amsawa ba kunya. Ya ce ba a tayar da maganar gona da gero a tsaye, a bari a yi girbi, ai doka ce ta ba mu damar ɗaukaka ƙara, ba mai ƙwace ta. Ni kuma sakarai na biye masa.

Bayan an ɗaure dammuna muka tafi kotu ni da Kawu, rajistara ya dubi takardar hukuncin ya ce kwana talatin ne, sun wuce tuni. Kawu ya hau fankama wai a nuna masa a doka. Wani lauya ya zaunar da mu ya ce gaskiya ne doka ta ba da damar, amma yadda za a bi da lokacin da za a bi, ƙa'idojin kotu ne suka tsara, kuma dokar ce da kanta ta ba su wannan ikon. Kawu kuwa, shekara ashirin a bakin kotu, ashe ƙofar kawai ya sani!

Lauyan ya ce ana iya roƙon ƙarin lokaci, amma sai na yi rantsuwa a rubuce kan dalilin jinkirin. Yanzu Baristan namu cewa yake in rantse rashin lafiya na yi, wai haka kowa ke yi. Inna kuma ta ce muddin na sa sunan yayanta a takardar kotu, ba ni ba ita.

Wallahi ko ciwon kai ban yi ba a daminar nan. Kuma ga maƙwabcin ya fara zuba taki a gonar ubana.

To jama'a, in rantse da Allah a kan ƙarya don in rufa wa Kawu asiri, ko in rubuta sunansa in rasa Inna?