Ankon da Ya Tona Asirin Azumi

Anti Bilkisu, don Allah ki taimake ni, kunya ta hana ni leƙa ko ƙofar gida.

Ina riƙon 'yar yayata, bari in kira ta Azumi, shekararta sha huɗu. Wata mata ce ta ɗauko ta daga ƙauye da sunan aikatau, ashe maza take kai wa yaran da take ɗaukowa. Da ƙyar aka ƙwato ta, ta dawo hannuna a Ƙofar Wambai. Sai masu shirya fim kan safarar yara suka nemi ta ba da labarinta, suka ce za su rufe fuska, su canja murya. Ta yarda, ni ma na yarda.

Ranar ɗauka, ni da shegen son gwaninta na ce ba za ta zauna gaban kyamara da tsumma ba. Na sa ta ɗaura ankon bikin ƙanwata, wai don ta fito fes. Anko fa, Anti! Aka nuna fim ɗin a taron mata, fuska a rufe, atamfa a fili. Kafin la'asar unguwa ta gane ko wace ce. Azumi ta daina zuwa Islamiyya, ni kuwa ko idonta ba na iya kallo. Yanzu an ce za a sa shi a talabijin. In hana ne? Ga shi wata maƙwabciyarmu ta fasa tura 'yarta aikatau saboda shi. Wallahi na rasa yadda zan yi.

Mai jin kunya, Bauchi

'Yar'uwa, kin yi kuskure, amma na ƙauna ne, kuma lura da irin wannan abu aikin masu fim ɗin ne. Ki same su gobe, su dakatar da shi har sai sun rufe kayan ko sun cire wurin. Haƙƙinku ne. Fim ɗin yana da amfani, amma ba za a ceci 'ya'yan wasu da mutuncin taki ba.

Kafin nan ki zaunar da Azumi, ki ba ta haƙuri, ki ji abin da take so. Kau da idon nan da kike yi, ita gani take ƙyamarta kike. Kunyar ta matar da ta yi cinikin yaran ce, ba taku ba.

Sannan ai ke ma kina da ankon. Ki ciro shi daga akwati, 'yan'uwanki su ciro nasu, in ta yarda ku raka ta Islamiyya a cikinsa. Mai nuna yatsa ya nuna ku duka.

Allah Ya sanyaya zuciyarta, Ya ba ki ƙarfin hali.