Rantsuwar Rut ta maƙale mini a wuya

Mama Akpene, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. A garin nan duk wanda na faɗa wa, maganar za ta riga ni isa gida. Kada ki sa sunana.

Ni 'yar Kara ce, aure ya kawo ni Kpalime. Mijina Elom ya rasu shekara uku ke nan, mota ta buge shi a kan babur, ba mu samu haihuwa ba. Da aka gama makoki kowa ya zaci zan tattara in koma gida. Ban tafi ba saboda uwarsa, Dada Enyonam. Matar nan ko da wasa ba ta taɓa ce mini bare ba. Ita ta koya mini yarensu tana dariyar bakina, ita ta koya mini tuƙa akume, tuwon masararsu, ba gudaji. Lokacin da na kasa cin abinci, a baki ta riƙa ba ni koko, alhali ita ce ta binne ɗa.

Gidan nasu gidan kantata ne, wato wasan kwaikwayo na waƙa. Marigayi mijin Dada ya tsara wasan Rut da Na'omi da waƙoƙinsa da rawarsa, kuma 'yan gida ke yin komai, daga masu ganga har mai jan labule. Tun da ya rasu ba a sake yi ba. Bana sai yayan mijina, Fo Dodzi, ya ce a farfaɗo da shi a filin coci ranar Litinin ɗin Ista. Dada ce Rut a wancan zamanin, yanzu tsufa ya mai da ita Na'omi. Da aka zo kan Rut, ko shawara ba a yi ba, kowa ya juyo ya kalle ni. Fo Dodzi ya ce, "Me za mu nema a waje? Ga bazawara, ga baƙuwa, ga murya. Ke ko kwalliya ba sai an yi miki ba." Aka kwashe da dariya, ni ma na yi.

Abin da ba su sani ba, akwai wani, Piyabalo, malamin makaranta ne ɗan garinmu, shi ma matarsa ta rasu. Ya ce bayan Ista zai turo manyansa, na kuwa amsa masa. Kara zan koma.

To, ga inda gizo ke saƙar. A wasan, Na'omi tana ce wa matan 'ya'yanta biyu kowacce ta koma gidansu. Orfa ta juya ta tafi. Rut ta durƙusa ta rera cewa inda kika sa ƙafa nan zan sa tawa, inda aka haƙa miki kabari a haƙa nawa a gefe. Sai Na'omi ta kwance zanen kafaɗarta ta ɗaura mata, mata su ɓarke da guɗa. Ita kuwa Orfa, tana juya baya 'yan kallo za su sa mata ihu, a jefe ta da ɓawon lemo. Matar da ta fito a Orfa a karon farko tana nan kasuwa tana sayar da busasshen kifi, kanta ya yi fari, har yau Orfa ake kiranta. Ni kaina ban san sunanta na gaskiya ba. In wadda ta yi a wasa ke nan, ni da zan rantse gaban gari sannan in hau mota fa?

Wajen gwaji, da na zo kan rantsuwar sai murya ta ɗauke. Fo Dodzi ya buga ganga da haushi ya ce, "Ke, ƙashin kifi kika haɗiye ne? Kawu da ba haƙora ma ya fi ki fitar da baƙi!" Kawun shi ne Bo'azan namu, mai auren Rut a ƙarshen wasan.

Abin da ya fi tsorata ni Dada ce. Kullum aka zo inda take cewa koma gida 'yata, ba ni da wani ɗa da zan ba ki, sai ta ce ta manta karin, a sake. Kuma fuskata take kamawa da hannu biyu, ba ta ko kallon mai yin Orfa. Ina jin ta ji ƙishin-ƙishin, gwada ni take yi. Shekaranjiya ta fito da zanen daga akwati, wanda uwar mijinta ta ba ta, ta miƙa mini, ta ce bana ba za ta karɓa ba bayan wasa, nawa ne. Na shiga bayan gida na yi kuka har na gode Allah.

Mama, in rera in faɗa mata daga baya? In ce maƙogwaro ke ciwo? Ko in ce wa Piyabalo ya haƙura? Ina son matar nan kamar ita ta haife ni, amma ni ma ina son in goya nawa.

Wadda Ba Rut Ba, Kpalime

'Yata,

Share hawayenki, ba ki yi laifi ba tukuna. Laifin zai fara ne ranar da kika bari ta ɗaura miki zanen nan ba ta san komai ba.

Ciwon maƙogwaron ƙarya ki ajiye shi, kwana biyu zai saya miki kawai. Rerawa ki faɗa daga baya ya fi muni, domin za ki bar tsohuwa da kunya a gaban mutanen da suka yi mata guɗa. Piyabalo kuma, in za ki rabu da shi, ki rabu da shi don ba ki sonsa. Tsoron ɓawon lemo bai isa dalili ba.

Amma ki yi wa Dada adalci. Ta rasa miji, ta rasa ɗa, ke ce abin da ya rage mata na Elom. Za ta ji zafi, wataƙila ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarki. Wannan haƙƙinta ne, ki jure.

Kin yi ta haddar waƙar Rut har kin manta sauran labarin. Wa ya tashi ya nemo wa Rut miji? Na'omi ce da kanta. Orfa kuma cewa aka yi ta koma, ta koma, ba wanda ya tsine mata. Ihun na 'yan kallo ne. Ban san zuciyar Dada ba, mai yiwuwa gwada ki take yi kamar yadda kika ce. Sai dai macen da ta riƙe waƙoƙin mijinta shekara da shekaru ba ta mantuwa a wuri guda tak kullum. Ni ina ganin ƙofa take buɗe miki, ke kuma kin tsaya kin ƙi shiga.

Ki same ta a ɗakinta cikin makon nan, ke kaɗai, kada Fo Dodzi ya fara ji. Ki ɗauki zanen a hannu, ki durƙusa, ki faɗa mata komai. Ki roƙe ta, in manyan Piyabalo sun gama da iyayenki su zo su gaishe ta a matsayin uwa. Sannan ki bar mata hukuncin wasan da na zanen. In ta ce a ba wata Rut, ki koma cikin masu amshi ba gunaguni. In ta ce ki rera, ki buɗe murya ki rera, tunda ta san abin da take ji.

Bakin kasuwa kam ba zan yi miki alkawari ba, za su yi magana. Kafin su fara, ki je ki sayi kifi wajen matar nan, ki gaishe ta da kyau, ki tambaye ta sunanta.

Allah ya sanyaya zuciyar Dada, ya ba ki abin goyawa a bayanki.

Mama Akpene