Ranar da Binta ta miƙe

Gumel, daren Alhamis, cikin watan Safar

Alhamdu lillahi, yau 'yata Binta ta miƙe. Da hantsi uwarta za ta yi daka, sai yarinyar ta dafa bakin turmi ta tsaya, ƙafafunta na rawa kamar na sabon ɗan maraƙi. Tun da zazzaɓin nan ya kwantar da ita ban san barcin kirki ba.

Su uku suka kwanta bayan mun dawo suna daga Gagarawa, kuma a ƙwarya ɗaya suka sha kunu a can. Ɗan ƙanena zazzaɓi kawai ya yi. Binta ƙafarta ta saki, ga shi ta dawo. Audu ɗan maƙwabcina kuwa, tasa ta hagu ta shanye. Tsofaffi sun ce Inna ce ta sha. Ni dai ƙwaryar nan ta tsaya mini a rai. Ko ciwon ɗaya ne, ko iri-iri ne, Allah ne masani.

Da ganin Binta tsaye, mahaifiyata ta kama hanci za ta rangaɗa guɗa, na ce, "Iya, ki yi haƙuri. Zana ce kaɗai tsakaninmu da uwar Audu."

Ta saki hancin, ta rungume Binta, ta yi godiyarta ƙasa-ƙasa.