Sassaƙen Kaka a Jakar Makaranta

Daren Asabar, unguwarmu ta Longsight

Ban taɓa faɗa wa kowa ba: a makaranta cewa nake sassaƙen da Kaka ke aiko mana shayi ne, don kada a yi mini dariya.

Yau Anti Bilki ta kai ni jami'arsu a Birmingham kallon fim ɗin Yanomami, mutanen dajin Amazon. Masu maganinsu na hura garin ɓawon itace a hanci, suna yi wa iskokin daji waƙa! Malamar da ta nuna fim ɗin ta ce Turawa sun kwashi iliminsu, sannan suka kira su jahilai.

Na ce, "Anti, Kaka ma sai ta yi wa bishiya sallama take sassaƙa."

"To, sarkin kunya, wa ya sani a ajinku?"

Litinin muna da darasin tsirrai. Har na sa sassaƙen a jakata.