Ƙullin Bahago

Litinin, 3 ga Maris

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da ruwan da ya ci jami'a, wanda ya kai wa mutum ƙirji a ɗakin ajiyar iri. Da shi nake lissafin komai. Autata ma bayan ruwan da shekara biyu aka haife ta.

Yau shugaban sashe ya tara mu ya karanta takarda daga ma'aikatar ilimi. Ban ji rabinta ba, sai da Dakta ta warware mini a bakin ƙofa. Ita ce aka ba wa kula da ɗakina bara, sa'ar 'yata ta fari ce. Abu biyu ne. Duk kayan binciken da ke jami'a sai an shigar da shi kwamfuta, da sunansa da asalinsa, kafin ƙarshen wata. Wanda bai shiga ba, gwamnati ba ta san da shi ba, a kashe masa na'urar sanyi a ba wa wasu ɗakin. Na biyu, ma'aikacin da ba shi da takardar makaranta za a duba lamarinsa.

Za a duba. Na san irin wannan dubawar.

Talata, 4 ga Maris

Bari in rubuta yadda abin yake, ko don kaina.

Kwalabe ɗari huɗu da goma sha biyu, duka dawa, babu biyu iri ɗaya. Ni da marigayi Farfesa muka tattaro su ƙauye-ƙauye, shekara tara, ina tuƙi yana rubutu. Shi ya koya mini baƙaƙen nan da nake jagwalgwalawa, a kan murfin mota. Kowace kwalba ya ba ta lamba uku a littafinsa: tafiya ta nawa, ƙauye na nawa, manomi na nawa.

Ruwa ya zo yana asibiti. Ina tsaye cikin taɓo ina kallon takardun jikin kwalabe suna saɓulewa. Ban tsaya neman biro ba, zare na samu na ɗaure wa kowace a wuya, na ƙulla lambobinta, gungu uku. Kwana huɗu ina yi. Farfesa bai dawo ba, littafinsa ma aka neme shi aka rasa.

Tun daga nan mai son iri ni yake nema. Idan lokacin sabunta su ya yi, ni nake shukawa a filin gwaji in mayar. Ba wanda ya taɓa tambayar zaren. Ni ma ban faɗa ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Dakta ta shigo da kwamfutarta. "Baba, zauna mu yi, kana faɗa ina rubutawa."

Na ce ƙugu na ciwo.

Litinin, 10 ga Maris

Ƙugu bai warke ba. Haka dai na ce mata.

Tsohuwar tawa, uwar 'ya'yana, ta ce da safe, "Malam, wane irin ciwon ƙugu ne da ke barin mutum ya hau keke?" Na ce ta ji da tukunyarta. Ta ce kwalaben nan su ne 'ya'yana na gaske, nata kuwa riƙo aka ba ni.

Ba ta gane ba. Mai sharar sashenmu, da muka fara aiki tare, an ba shi takardar sallama ranar Juma'a. Ya nuna mini, ya ce in karanta masa. Na karanta har tsakiya na ce idona ba ya gani. Ni abin da ya hana a ba ni tawa, yana cikin kaina. In na juye shi a kwamfuta, me ya rage? Tsoho da tsintsiya.

Juma'a, 14 ga Maris

Ta samo littafin Farfesa. A ƙasan wata durowa a ofishin shugaban sashe, duk ya kumbura, amma ana karantawa. Ta zo da shi tana dariya, ta ɗaga zaren wata kwalba.

"Baba, ashe ƙullin nan lamba ce! Ga wadda ka ba ni bara, uku, ɗaya, uku. Na duba littafi, ita ce daidai. Ka huta da ƙugunka, zan ƙarasa."

Na ce Allah ya taimaka.

Sai da ta ɗauki ta biyu na ga abin da take yi. Daga wuyan kwalba take ƙirgawa zuwa ƙasa. Ni bahago ne, kuma a ranar ruwa wutsiyar zaren na riƙe a haƙori, daga can na fara. Uku, ɗaya, uku, ta ko'ina ka bi haka take. Sauran kuwa a juye za su fito mata.

Na bar ta a haka, na ɗauki tsintsiyata.

Talata, 18 ga Maris

Tana ta aiki. Ko abincin rana a tsaye take ci. Ina goge kantar kwalabe, ina jin ƙas-ƙas ɗin yatsunta kamar ɓera a rufi.

Laraba, 19 ga Maris

Ta ware kwalabe ɗari da bakwai a kan teburin baya. Wai lambobinsu babu su a littafi.

"Ba laifinka ba ne, Baba. Cikin ruwa ka yi, dole a samu kuskure."

Kuskure. Ni.

Na ce waɗannan fa ya za a yi da su? Ta ce abin da ba shi da asali ba ya shiga, dokar ke nan. Ta faɗa tana kallon ƙasa.

A cikinsu akwai Gajeriyar Makauniya. Ni na sa mata sunan. Wata tsohuwa marar gani ce ta ba mu, ta kwance ta daga bakin zanenta, ta ce shekarar da rijiyoyi suka ƙafe ita kaɗai ta yi kai a ƙauyen. Ta kama hannuna, ba na Farfesa ba, ta ce kada mu bari ta ɓace. Sau shida na sabunta ta da hannuna.

Waɗanda suka shiga kwamfutar ma da sunan wasu suka shiga. Gobe wani zai nemi mai jure fari a ba shi ta fadama, ya kai wa mutane su shuka.

Na dawo gida ban ci komai ba.

Asabar, 22 ga Maris

Kalma ɗaya ce fa. "Juya." Shekara talatin da ɗaya ina zaune a kan kalma ɗaya, ana ce mini Baba Mai Kwalba, manyan malamai suna cire hula a ƙofata. Ranar da na faɗe ta, kowa zai ga iyakar abin.

Kuma me zan ce mata? Kwana takwas ina kallonta tana wahalar banza.

Litinin, 24 ga Maris

Yau abin da ya faru ban gaya wa kowa ba.

Akwai wata kwalba a kanta ta uku, can ƙurya, zarenta ya ruɓe tuntuni. Ban damu in sake ba, don na san ta kamar fuskar uwata. Yau na ɗauke ta zan goge. Ja ce, ƙwayarta manya. Na tsaya.

Babu.

Na san akwai kuka a bakin ƙauyen. Na san mutumin yana da haƙorin azurfa. Sunan ƙauyen, tafiya ta nawa, babu. Na zuba ƙwaya uku a tafin hannu, na shinshina, na tauna ɗaya. Na zauna a kan bokiti har aka tashi daga aiki. Sannan na mayar da kwalbar wurinta.

Ina tsoron takardar shugaban sashe, ashe akwai mai sallamata da ba ya rubuta takarda.

Talata, 25 ga Maris

Sunan bai dawo mini ba. Na gwada a kan keke, na gwada a wajen alwala.

Laraba, 26 ga Maris

Masu aunawa sun zo da tef, suna auna ɗakina ni ina ciki. Ɗaya ya jingina da teburin baya, kwalabe suka yi ƙara. Na daka masa tsawa, har na ba kaina mamaki. Ya ce, "Yi haƙuri Baba, ai an ce waɗannan na zubarwa ne."

Dakta ta fitar da su. Da ta dawo idonta ya yi ja. Ta ce ta rubuta wa ma'aikata sau biyu tana roƙon a ƙara wata ɗaya, ba amsa. Ta ce ta kuma rubuta cewa ɗakin ba zai yiwu ba sai da ni, ko da takarda ko babu, amma ba ta san ko za su ji ba.

"Ban yi maka alkawari ba, Baba."

Ban roƙe ta ba. Wa ya ce ta rubuta?

Alhamis, 27 ga Maris

Litinin kwamitin ma'aikata zai zo duba ɗakin.

Na gaya wa tsohuwa komai bayan la'asar, har da jar kwalbar. Na zaci za ta yi mini tsiya. Ta daɗe tana tsince shinkafa, sannan ta ce, "Makauniyar nan, hannun wa ka ce ta kama?" Ta tashi ta shiga ɗaki. Da ta fito ta ajiye mini ƙullin zarenta na ɗinki a cinya, sabo.

Ba wai na sauka daga maganata ba ne. Ba zan zauna ina faɗa tana rubutawa kamar mai ba da wasiyya ba. Aikin da aka yi a karkace ne ba na iya gani, tun ina yaro haka nake.

Gobe zan riga mai gadi isa. Zan mayar da ɗari da bakwai ɗin nan kan kantarsu. In ta shigo zan miƙa mata Gajeriyar Makauniya, in sa mata wutsiyar zaren a hannun hagu, in ce ƙirga. Abin da za ta ce mini ta ce.

In kuma ta ga dama ta buɗe kwamfutar, akwai abin da manoman suka faɗa a kan kowace, wanda Farfesa bai rubuta ba. Sai mu fara da kanta ta uku, tun ina iya tunawa. Littafin ma zan ce ta duba mini, ko ya ambaci wani mai haƙorin azurfa.