Hoton Takarda Ba Sanarwa Ba Ne Ga Makauniya

Zuwa ga Mai Girma Daraktan cibiyar horar da malamai da ta yi jarrabawar ɗaukar ɗalibai a Damagaram makon jiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ban kama sunan cibiyarku ba, don ba ɓata suna ya kawo ni ba, kuma kun san kanku. Na fito fili ne saboda wasiƙar da na bari a biro ɗinka, wato ofishinka, har yau ba wanda ya ce mini ko ta iso.

Sunana Fanna, daga Mirriya. Ƙyanda ta tafi da idanuna tun ina ƙarama, amma na yi lakwal, karatun boko, har na gama jami'a. Salulata tana da muryar da ke karanta mini duk abin da aka rubuta, da ita na yi shirin jarrabawarku. Hoto ne kaɗai ya fi ƙarfinta. In ta iske shi sai ta ce "imaj", wato hoto, ta wuce. Kuma bana ce shekarata ta ƙarshe a ƙa'idar shekarun da kuka sa. Baɗi ko idanu huɗu ne da ni ba za ku karɓe ni ba.

Na farko. Da kuka sa jarrabawa ranar Asabar, da rubutu kuka sa a shafinku na intanet, na ji da kunnena. Da kuka dawo da ita Alhamis sai kuka buga takarda, ka sa hannu, aka danna kashe, wato hatimi, wani ya ɗauke ta hoto ya ɗora. Safe da yamma nake shiga shafin nan, na yi ta wucewa ta kan sanarwar ban sani ba. Daga baya aka gaya mini tana tsakanin hotonka kana gaisawa da baƙi da hoton sabuwar ƙofar cibiya. A kunnena duk ukun sunansu ɗaya.

Na biyu. Ranar Asabar na shiga motar Mirriya, daga tasha na hau kabu-kabu. Yayana Mamman ya so ya raka ni, na ce ya zauna a shagonsa, wadda za ta koyar da yara ai ba a riƙe mata sanda. Na iske ƙofarku shiru. Kafin in buɗe baki mai gadinku ya kamo hannuna ya sa mini ƙwandala, ya ce in yi haƙuri, yau ba kowa, in dawo ranar Juma'a. Ina rungume da dosiyena na takardun neman gurbi ya faɗi haka. Ban riƙe shi a zuci ba, alheri ya nufa. Da na ce jarrabawa na zo sai ya ce ai an yi ta tun shekaranjiya. Na koma gida na tarar da Inna a bakin zaure tana jira ta ji yadda tambayoyin suka zo. Na ji kunya, Ranka ya daɗe, kunyar da ba ni ya kamata in ji ba.

Na uku, kuma wannan ya fi ci mini rai. Ranar Litinin sakatarenka ya yi mini bayani a tsanake, wai sanarwar da ba kashe ba ta hukuma ba ce, shi ya sa dole sai hoto. Ya ƙara da cewa ai ba a rasa mai ido a gidanmu ba. Akwai su, alhamdu lillahi, amma ba su suka nemi gurbi ba, ni ce. Takardar likita mai cewa ba na gani tana cikin dosiyen da kuka karɓa, lambata tana saman shafin farko. Ba wanda ya kira. A can saman shafinku kuwa kun rubuta cewa ƙofarku a buɗe take ga masu naƙasa. Wannan kam da rubutu kuka sa, salulata ta karanta mini shi tas.

Roƙona shi ne ka ba ni dama in zauna jarrabawar nan kafin sakamako ya fito. Ku canza tambayoyin, ku sa mai tsaro biyu a kaina in kun ga dama, ba maki nake roƙo ba. Sannan ku riƙe kashenku, ba wanda ya ce ku jefar, amma duk takardar da kuka ɗauka hoto ku rubuta abin da ta ce a ƙarƙashinta. Wanda ya buga ta a na'ura yana da rubutun a gabansa. Kafin ku ce shafi ya yi, ku kira makaho ɗaya ya shiga ku ji abin da yake ji.

Allah ya bar maka idanunka, ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da kujerar nan ba haƙƙin kowa a wuyanka. Ƙwandalar mai gadi tana nan ƙulle a bakin mayafina, ita ce kaɗai abin da cibiyarku ta taɓa sa mini a hannu. Ina so in mayar masa da abarsa ranar da zai buɗe mini ƙofa in shiga jarrabawa.

Wassalam.

Fanna Malam Gaji,
Mirriya.