Alkamar Kakau

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ya yara, ya ƙafar Inna? Mu a Makera lafiya lau.

Alkamata ta fadamar Kakau ta lalace. Kansilan da muka zaɓa bayan saukar soja ya yi mana alkawarin iri, bai kawo ba sai da sanyi ya kusa wucewa. Allah ya isa! Kullum da asuba nakan tsoma hannu a randa. In ruwan ya yi sanyi, alkama ta kwana lafiya. Sati uku ke nan ɗumi nake ji. Jiya na murza zangarniya, ba ƙwaya ko ɗaya.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa. Ki ce wa Inna ta daina jiran alkamar funkaso, shanu na sakar wa gonar.

Ƙaninki,
Sani